Yadda na rage ƙiba ina aikin dare a wani asibiti a Makka

A asibitin da nake aiki a Makka sa'a 12 ake yi. Masu safe su karɓi aiki ƙarfe 7, masu dare su canje su ƙarfe 7 na yamma, haka yake juyawa har ƙarshen wata. Motar asibiti ke ɗaukar mu daga gidan ma'aikata, wanda kowa ke ce wa sakan, in an tashi ta mayar da mu. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka mai wuni a tsaye, tana juya marar lafiya, tana tura gado, tana kai da kawo tsakanin ɗakuna, ba ta da inda za ta ajiye kitse. Amma a shiga ɗakin shan shayin kowane sashe a dubi waɗanda suka daɗe, da wuya a sami wadda ba ta ƙara girman yunifom ba.

Na baro Kano da kilo 72. A gwajin lafiyar ma'aikata na shekarata ta uku sikeli ya nuna 89, ga ni ba doguwa ba, santimita 163. Lissafin nauyi da tsawo, wanda muke kira BMI, ya haura 33, alhali daga 30 ake cewa ƙiba ta zama lalura. Takardar jini ta fi wannan ɗaga min hankali. Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan jini na kusan wata uku, ya ba da 6.1. Ƙasa da 5.7 shi ne lafiya lau, daga 6.5 kuma an shiga ciwon suga. Mahaifiyata da allurar insulin take rayuwa, kuma da hannuna nake wanke ƙafafun da suga ya ci a sashenmu. Na san inda hanyar ta nufa.

A gida kuwa murna ake. Duk ranar da muka yi waya ta bidiyo sai a ce, "Masha Allah, Saudiyya ta karɓe ki." Ba na ganin laifinsu. A wurinmu wadda ta tafi neman halak ta murje, hankalinta ne ya kwanta. Wadda ta rame ita ake tambaya me ke damun ta.

Likitar ma'aikata, wata dattijuwa 'yar Masar, ba da abinci ta fara ba. Ta ce, "In kin tashi daga aikin dare, sa'a nawa kike barci?" Na ce huɗu, wata rana biyar. Ta rubuta. Sannan ta kawo min wani babban bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2002, a kan mutum sama da 3,000 masu irin sakamakona: waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, suna tafiyar sauri ta minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58. Kashi 7 na nauyina kilo shida ne da ɗoriya. Da na ji haka sai na sami natsuwa, don a raina ina ganin sai na koma 72 kafin in tsira. Ta ce in nemi ɗan littafi in riƙa rubuta duk abin da ya shiga bakina da lokacin da ya shiga, kada in canza komai tukuna.

Littafin ya nuna min abin da ido bai gani ba. In mota ta sauke mu da safe, akwai gidan tamis, wata irin gurasa, a bakin layinmu, ƙamshinsa ke tarar mutum tun daga nesa. Tamis mai zafi da ful, wato dafaffen wake irin na Larabawa, an malala masa mai, wata rana ma'asub, ayabar nan da ake kirɓawa da gurasa a zuba mata kirim da zuma, a kora da shayi mai madara. In kwanta ciki fam, in farka da azahar ƙirji na zafi. Da rana ba yunwa, ba kuma ƙarfin girki, sai in hau mota da yamma ciki ba komai. Wajen 10 na dare, an gama raba magani, sai wata ta ɗaga waya ta ce wa zai ci me. Kantin asibiti ya rufe tun da wuri, abin da ake kawowa a wannan lokacin kuwa sananne ne: burost, wato soyayyiyar kaza, da soyayyen dankali, shawarma, da kabsa, shinkafar Larabawa da nama. Tsakanin 2 da 4 na dare, lokacin da ido ke neman rufewa, sai shayi kofi bayan kofi, kowanne da suga cokali uku, da lemon gwangwani, da cakuletin da dangin marasa lafiya suka bar mana. Da na haɗa lissafi, kusan duk abin da nake ci yana shiga ne tsakanin isha'i da hantsi.

Nan matsalar take, kuma ba rashin haƙuri ke kawo ta ba. Jiki yana da agogonsa na ciki mai tafiya da haske da duhu. Binciken yadda agogon nan ke aiki ne ya sa aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel a 2017. Da dare jiki hutu yake shiri, ba ya sarrafa suga da ƙarfin da yake yi da rana, don haka farantin shinkafa in aka ci shi ƙarfe 2 na dare ya fi ɗaga suga a kan in an ci shi 2 na rana. Ga kuma rashin barci. A wani bincike na Jami'ar Chicago da aka wallafa a 2004, an rage wa samari lafiyayyu barci zuwa sa'a huɗu na dare biyu kacal, sai girelin, sinadarin da ke tayar da yunwa, ya hau, leptin mai sanar da ƙoshi ya sauka, abin da suka fi kwaɗayi kuma shi ne zaƙi da abinci mai sitaci. Duk nas ɗin da ta taɓa tsayawa gaban tiren cakuleti ƙarfe 3 na dare ta san wannan a jikinta. Shi ya sa nake jin zafin masu ce mana mu dai mu kame bakinmu. Mai gajiya da barci a ido, abin da ke gabanta za ta ci. Gyaran tun da rana ake yin sa.

Da barci na fara. Na liƙe tagar ɗakina da baƙar leda mai kauri har ba a gane gari ya waye, na sayi abin toshe kunne, ina sa baƙin tabarau tun daga ƙofar asibiti, saboda ranar Makka ko ta safe ce tana wartsakar da ido. Waya ta fi komai wuya. Saudiyya na gaban Najeriya da sa'a biyu, wato lokacin da nake kwanciya shi ne mutanen gida ke tashi, kowa da buƙatarsa. Sai da na kira yayana na yi masa bayani dalla-dalla, na ce, "Yaya, don Allah ka gaya wa kowa, ranar da nake aikin dare a bari sai na kira da kaina, in ba larura ce ta gaske ba." Ya karɓa, shi ya tsaya min. Na raba barcin biyu: daga dawowa zuwa azahar, in yi salla ba tare da na taɓa waya ba, in koma har kusan la'asar. Gahawa da shayi kuma na yanke musu lokaci. Rabin kafeyin, sinadarin da ke hana barci, da mutum ya sha a cikinsu yana nan a jininsa bayan kamar sa'a biyar, to wadda ta sha gahawa ƙarfe 5 na asuba don ta iya miƙa aiki, da ita za ta kwanta. Daga ƙarfe 1 na dare ba na taɓa su. Da farko na sha wuya, kai na sarawa, ƙafa na nauyi. Da barcin ya kai sa'a shida zuwa bakwai, sai na ga yunwar tsakar dare ta rage kaifi da kanta.

Bayan nan na juya kan abin sha. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce sugan da ake ƙarawa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalori, wato ƙarfin da abinci ke ba jiki, da mutum ke ci a yini, wato kamar giram 50, cokalin shayi 12, rabin haka ma ya fi. Gwangwanin lemo ɗaya mai mililita 330 yana ɗauke da wajen giram 35. A 2017 gwamnatin Saudiyya ta ɗora harajin kashi 50 a kan lemon gas da kashi 100 a kan lemon ƙara kuzari, amma wadda barci ke fizga ba ta duba farashi. Lemo na bar shi gaba ɗaya. Shayi kuwa a hankali na bi shi, daga cokali uku zuwa biyu, zuwa ɗaya, har harshe ya saba. Yanzu in aka miƙo min irin na da ba na iya shanyewa. Zoɓo, wanda ake samu a kowane shago da sunan karkade, nake dafawa da citta da kanumfari ba suga in zuba a gora. Ga laban, wato nono. Sai ruwa, wanda da yawanmu da gangan muke ƙin sha don ba lokacin zagayawa, alhali ƙishirwa kan zo da kamar yunwa.

Babban abincin yini na mayar da shi ƙarfe 5 na yamma, kafin mota ta zo. Faɗarsa da sauƙi. Wadda ta tashi da la'asar, za ta yi wanka ta yi salla ta goge yunifom, ba za ta ɗora tukunya ba. In ba a dafa tun ranar hutu ba, ba za a ci ba. A nan Allah ya haɗa ni da maƙwabciyar ɗakina, babbar nas ce daga Sudan, Bahaushiyar Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a gaɓar kogin Nilu kusa da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausarta irin ta kakanni ce, mai daɗin saurare. Ita hawan jini ke damun ta, ga tunanin dangi tun da yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu a 2023. Ta ce, "Ƙanwata, girkin mutum ɗaya shi ke da ganda. Mu haɗa tukunya." Na ce, "Hajiya, kin cire min nauyi."

In hutunmu ya zo ɗaya, da sassafe mu je kasuwar kayan gwari ta Ka'akiyya mu kwaso kabeji, karas, kokwamba, kuɓewa, yalo, jarjir, da lalo ɗanye shar, wanda suke kira mulukiyya. Kuka da daddawa da busasshen zogale da wake kuwa sai Shara Mansur, inda in mutum ya rufe ido zai rantse a kasuwar Kurmi yake. Mu dafa miya kala biyu, mu gasa kaza ko kifi, mu yi alale a ƙananan gwangwanaye, mu rarraba a robobi mu jera a firji, na ƙarshen mako a firiza. Ita ta koya min kisra, siririyar gurasar Sudan, da miyar busasshiyar kuɓewa, ni na nuna mata dambun zogale da jarish, ɓarzajjiyar alkamar Larabawa, wadda ta fi farar shinkafa riƙe ciki. Kuɗin da muke kashewa bai kai na odar abinci ba, kuma ga mai tura albashi gida wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ban bar tuwo ba, ban bar shinkafa ba. Mai na taɓa, da girman malmala. Cokalin cin abinci ɗaya na mai yana da kalori kusan 120, mu kuma mun taso muna tuttula shi daga galan har ya taso a saman miya, in bai taso ba a ce miyar ba ta yi ba. Yanzu da cokali nake aunawa, biyu zuwa uku a tukunyar da za ta yi mana kwanaki, daddawa da citta da tafarnuwa su rufe giɓin. Dunƙule ma mun rage saboda Hajiya, tunda gishirin da ake so a yini kada ya kai giram 5. A faranti rabi ganye ne da miya, malmala ɗaya daidai dunƙulen hannuna, sai nama ko wake.

A jakar aiki akwai ƙaramar kula. Wajen 11 zuwa 12 na dare in ci alale ɗaya, ko dafaffen ƙwai biyu da kokwamba da tumatir. In ido ya fara nauyi wajen 3, laban da dabino uku, ko gyaɗa cikin tafin hannu. Dabino abinci ne mai albarka, amma giram 100 nasa ya kusa kalori 280, kuma a ƙasar nan ba a ƙirga shi, ɗauka kawai ake. Da safe kafin in kwanta, ƙaramin kofin kunun gero da laban don kada yunwa ta tashe ni. Tamis ya koma ranar hutu, ni da Hajiya mu raba ɗaya. Ranar da firji ya ƙare dole a yi oda, tun 2019 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta wajabta wa gidajen abinci rubuta kalori a jerin abincinsu, sai in duba in ɗauki gasasshiyar kaza da salak. Aikin safe bai ba ni wahala haka ba: in karya kafin in fita, in ci abin kulata duk sanda aka sami sarari, in na dawo kada in cika ciki dab da kwanciya.

Tsari yana da sauƙi in mutum shi kaɗai ne. Da mutane ake gane ko zai ɗore.

Mutanen ƙasar nan akwai kyauta. An sallami marar lafiya, sai ga tiren cakuleti ko kunafa ko basbusa. Tsoho na kwance, 'ya'yansa na zaune da butar gahawa da dabino, ba za ki auna masa jini ki fita ba a miƙo miki finjali ba. Ƙin karɓa cin fuska ne, ni ma kuma ban taso a gidan da ake mayar da hannun kyauta baya ba. Ina karɓa in yi godiya, in kurɓi gahawar in lokacinta bai wuce ba, dabinon ya jira ƙarfe 3. Tire kuwa matsalarsa inda ake ajiye shi ne, a kan teburin da muke rubutu, ƙarƙashin hannu dare guda. Na sami shugabar sashe na roƙe ta a riƙa kai shi ɗakin shan shayi a sa a kabad, dama ƙa'idar kare yaɗuwar cuta ta hana ci a wurin aiki. Wasu sun yi ƙorafi da farko. Ba a hana kowa ba, mai so ta tashi ta je ta ɗauka. Amma tiren da a da ke ƙarewa kafin asuba sai ya koma masu safe suna tarar da rabinsa.

Sai Gwaggo. 'Yar'uwar mahaifina ce, ta zo Makka tun kafin a haife ni, a Shara Mansur ta aurar da 'ya'yanta, kuma duk Juma'ar da ba ni da aiki a gidanta nake wuni. Faranti ɗaya ake zubawa, babba, shinkafa da kaza ta ji mai, ga waina, ga siriye, tsiren nan namu da ya zama abincin 'yan Makka. Ita ke zama kusa da ni tana turo nama gabana. Ranar da ta ga na tsame hannu da wuri, ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ciwo kike yi, ko abincin nawa ne bai yi miki ba?" Na ce, "Wallahi Gwaggo ba abincin da ya kai naki a garin nan. Likita ce ta ce suga na neman kama ni, irin na Umma." Ta yi shiru, can ta ce, "Ke da kike ƙarama?" Ashe ita ma an daɗe da gaya mata tana da shi, maganin ma sai ta tuna take sha. Daga ranar na riƙa zuwa da na'urar awo a jaka, in auna ta in auna kaina, na kuma sa ɗanta ya mayar da ita asibiti. Ba ta daina cika faranti ba, ni ma ban so ta daina ba, amma yanzu akwai kwanon kwaɗon zogale a gefe, shi take fara turo min, kuma an daina zuba suga a butar shayin gidan, kowa ya sa nasa. Na lura in aka ce wa mutanenmu ana rage ƙiba sai su ga iyayi ne. In aka ambaci ciwon da suka sani a cikin danginsu, su za su taya mutum tsaro.

Minti 150 ɗin likita ma sai da na nema musu wuri. Zirga-zirgar sashe tana gajiyar da ƙafa, amma tsayuwa ta fi yawa a cikinta, ba ta sa numfashi ya hau. Fita da rana a Makka kuwa ba wasa ba ce. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, mutum sama da 1,300 suka rasu. Tafiyarmu bayan isha'i ce ko bayan asuba a ranar hutu, minti 30 zuwa 40 da sauri. A asibiti na bar lif in hawa biyu ko uku ne. Harami ibada ke kai ni, amma duk wanda ya yi ɗawafi a saman bene ya san ƙafa ta yi aiki, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kuma wajen kilomita uku ne. Na ƙara da tsuguno-tashi da jan roba na minti 10 a ɗaki saboda baya da gwiwa.

A sakan ba ni kaɗai ke fama ba, kowa da hanyar da ta bi. Akwai masu shan shayin rage tumbi, wanda galibi filasko ne a ciki. Filasko maganin wankin ciki ne, ruwa yake fitarwa ba kitse ba, in aka daɗe ana sha kuma yana zubar da sinadarin fotasiyam har bugun zuciya ya rikice. Mu da muke karanta sakamakon jini kullum bai kamata a ruɗe mu da shi ba. Akwai masu allurar mako-mako irin su Ozempic da Mounjaro, akwai waɗanda aka yi wa tiyatar rage tumbi, wadda a nan ake ce wa takmim. Waɗannan hanyoyi ne na asibiti, suna aiki, kuma ban ga abin kunya ga wadda likita ya duba ya ce ta dace da su ba. Wadda nake jin wa tsoro ita ce mai karɓar allurar a hannun ƙawa, ba awo ba bibiya, ta shiga aikin dare zuciya na tashi, ba ci ba sha, ga ran mutane a hannunta. In an daina allurar kuma galibi nauyin yana dawowa. Ni da likitata mun tsaya a kan in gwada wata shida tukuna, in suga bai sauka ba a fara min magani.

Azumi da Hajji su suka girgiza tsarin. A Ramadan garin cike yake da masu umara, aiki sai dai ya ƙaru, masu dare kuma ana shan ruwa suna shirin karɓar aiki, ga sambusa, ga lugaimat, ga subiya, kowa ya kawo daga gida. Cin dare dole ne a nan. In buɗe baki da ruwa da dabino da romo, in ci sambusa biyu, babban abinci ya biyo bayan zagayen farko, sahur kuma wake ko ful da ƙwai da laban, ruwa a tsakani ba ƙaƙƙautawa. Sikeli bai sauka ba a watan, bai kuma hau ba. Lokacin Hajji an tura ni Mina, abinci a kwali yake zuwa, barci sai wanda aka sata, kilo biyu suka dawo. Mai aiki a Mina ranar jifa, abin da ta samu shi za ta ci ta gode Allah. Da alhazai suka watse muka koma Ka'akiyya muka sake cika firji.

A gwajin wata shida HbA1c ya sauko 5.8, nauyi 83. Bayan shekara ya zama 5.6, nauyi 80, ba a fara min magani ba. Har yanzu BMI ɗina na bakin 30, da sauran tafiya. Amma zafin ƙirjin ya tafi, gwiwa ta daina ciwo a matakala, kuma ƙarfe 4 na asuba kaina ya fi zama garau wajen lissafin magani, wanda a wurina ya fi sikelin muhimmanci.

Akwai abin da ya fi ƙarfin kula da littafi. Asibitin da ke gaya wa marasa lafiya su guji suga da maiƙo, bai dace ma'aikatansa na dare su rasa abin ci sai na injin sayar da biskit da lemo ba. Mun haɗu mun kai wa shugabar sashe buƙatu, an ba mu firji da na'urar ɗumama abinci, an kuma tsara wa zai riƙe wa wa marasa lafiya don kowa ya sami minti 30 ya ci a zaune. Kantin dai har yau da wuri yake rufewa.

Ranar da har yanzu ke ba ni wahala ita ce ta juyawa daga dare zuwa safe. In na tashi daga daren ƙarshe, barcin zuwa azahar kawai nake yi, in fita in ga rana bayan la'asar, in ci abinci da magariba, in kwanta bayan isha'i. Wani lokaci ya yi, wani lokaci in kwana ido biyu har kiran salla, kuma washegarin irin wannan daren ne ƙafa ke kai ni gaban kabad. Na kai maganar wurin mai tsara jadawali, na roƙi a riƙa haɗa darare a jere maimakon a warwatsa su, a kuma bar kwana biyu tsakanin daren ƙarshe da safiyar farko. A watan da ma'aikata suka cika ana ba ni. A watan da wasu suka tafi hutu ko kwantiraginsu ya ƙare, kwana ɗaya nake samu, da shi nake shiga aiki.